Odita na gani, amma wa ke kamu? Yadda ake bin diddigin kuɗin gwamnati a Najeriya

A watan Fabrairun 2018 aka wayi gari da labarin da ya cika teburan mai shayi da shafukan Facebook: wai maciji ya haɗiye naira miliyan 36 a ofishin hukumar JAMB da ke Makurdi. An yi dariya har da riƙe ciki, masu zanen barkwanci suka samu abin yi, daga baya EFCC ta kai maganar kotu. Sai dai cikin masu dariyar kaɗan ne suka tsaya suka tambayi yadda aka yi har aka gano kuɗin ba sa nan. Babu wani siddabaru a ciki. Masu bincike ne daga hedikwatar hukumar suka bi ofisoshin jihohi da lissafin da ko mai sayar da katin waya ya san shi: kati nawa aka ba ku, nawa kuka sayar, nawa ya rage a durowa, ina kuɗin waɗanda aka sayar? Lissafin Makurdi ya ƙi haɗuwa, aka nemi bahasi, daga nan maciji ya shigo zancen.

Binciken kuɗin gwamnati, ko na miliyan ne ko na tiriliyan, bai wuce haka ba. A ɗauko abin da takarda ta ce, a ajiye kusa da abin da ido ya gani, a tambayi wanda ya sa hannu dalilin bambancin. Najeriya ba ta rasa masu yin wannan tambaya ba. Tuntuɓen yana zuwa ne bayan an yi tambayar, kuma ba za a gane inda ƙafa ke hardewa ba sai an bi naira tun daga ranar da aka ware ta.

Mai riƙe da jaka daban, mai duba jaka daban

Mutane da yawa suna haɗa Akanta-Janar da Odita-Janar, har a rediyo ma nakan ji an musanya su. Akanta-Janar na Tarayya shi ne ma'ajin gwamnati. Yana ƙarƙashin Ma'aikatar Kuɗi, ta hannunsa kuɗi ke fita, shi ke haɗa lissafin ƙarshen shekara. Odita-Janar kuwa, wato Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya, ko kwabo ba ya fitar wa kowa. Nasa shi ne ya karɓi lissafin da ma'aji ya haɗa ya tantance, sannan ya kai rahoto gaban Majalisar Tarayya, ba fadar shugaban ƙasa ba. Dalili kuwa majalisa ce ta ba da izinin kashe kuɗin tun farko. Sashe na 80 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a taɓa babban asusun gwamnati sai da izinin doka, don haka wanda ya ba da izini shi za a koma wa a ce ga yadda aka yi da izininsa. Gadon Ingila ne wannan. Majalisarsu ta kafa kwamitin duba asusun gwamnati a 1861, ta samar da ofishin babban mai bincike a 1866, Turawan mulkin mallaka kuma suka zo mana da samfurinsa.

In ka karanta sashe na 85 zuwa 87 sai ka ɗauka babu mai ƙarfin wannan mutum a Abuja. Shugaban ƙasa ne ke naɗa shi bisa shawarar Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya, Majalisar Dattawa ta tabbatar. Ba a tsige shi sai kashi biyu cikin uku na sanatoci sun nemi hakan. Ba ya karɓar umarni daga kowa a bakin aikinsa. Yana da ikon ganin duk wani littafi da takardar da ta shafi asusun ofisoshin gwamnati da kotuna. Kuma daga ranar da Akanta-Janar ya miƙa masa lissafi, kwana 90 gare shi ya kai rahoto majalisa. A riƙe wannan kwana 90 ɗin, za mu dawo kansa.

A cikin ofishin akawu

Na taɓa zama a sashen kuɗi na wata ma'aikata a makon da oditoci suka sauka. Su uku ne, an ware musu wani ɗan ɗaki mai fanka ɗaya, an jibge musu fayiloli ɗaure da igiya. Babbansu dattijo ne mai tabarau, da koren alƙalami a hannu, domin a al'adar aikin gwamnati koren tawada ta masu bincike ce. Ya buɗe wata bauca, wato takardar biyan kuɗi, ta sayen kujeru da tebura, ya juya ta gaba da baya, ya ɗago kai.

"Malam, ina takardar da ta nuna kayan nan sun shiga sito?"

Kashiya ya gyara tsayuwa. "Ranka ya daɗe, tana wajen mai sito."

"A kira shi."

"Ai ya tafi ta'aziyya garinsu, sai wani makon."

Dattijon bai ce komai ba. Ya rubuta lambar baucar da adadin kuɗin a wata doguwar takarda, ya ɗauko ta gaba. Wannan ɗan layin da ya rubuta, in ba a kawo takardar siton ba, shi ne zai yi tafiya har ya zama sakin layi a rahoton da za a kai majalisa.

Kowace naira da gwamnati ta kashe ya kamata ta bar sawu. Mu ɗauki rijiyar burtsatse a wani ƙauye. Abin da odita zai fara nema shi ne ko aikin yana cikin kasafin shekarar, kuma ko daga layin da aka ware masa aka cire kuɗin, domin ɗaukar kuɗin magani a yi tafiyar ƙasar waje da shi ba tare da izini ba laifi ne ko da ba a saci sisi ba. Sannan ya duba ko an yi tallar kwangilar, kamfani nawa suka nema, me ya sa aka zaɓi wanda aka zaɓa. Zai duba ko wanda ya amince da kwangilar ikonsa ya kai adadin. A nan ake kama wata tsohuwar dabara: aikin da ya fi ƙarfin sa hannun babban sakatare sai a daddatsa shi gida biyar ko shida, kowane ya tsaya ɗan ƙasa da iyaka, don kada ya haura zuwa ga waɗanda za su yi tambaya. Daga nan sai bauca da abin da aka maƙala mata, wato takardar ba da kwangila, takardar neman biya, shaidar injiniya cewa an kammala aiki, da sa hannun oditan cikin gida wanda ya kamata ya tantance kafin a biya. Zai ga ko an cire haraji daga kuɗin ɗan kwangila, kamar harajin VAT da ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020, kuma ko abin da aka cire ya isa hukumar haraji ko ya maƙale a hanya. A ƙarshe ya gwama littafin kashiya da takardar banki.

Ba zai yiwu mutum uku su duba bauca dubu goma a mako biyu ba, don haka tsame ake yi. Gogaggen odita ya san inda zai sa hannu: biyan da aka yi ta rububi a makon ƙarshe na Disamba kafin a rufe kasafi, kuɗin aikin ofis da aka tura asusun wani ma'aikaci na ƙashin kansa, kuɗin tafiya ko taro da aka karɓa tun bara ba a dawo da rasit ba, kamfanoni uku da suka nemi kwangila ɗaya amma lambar wayarsu ɗaya ce, ko kuskuren rubutun da ke takardar na farko shi ne a ta biyu da ta uku.

Duk wannan binciken takarda ne, kuma yana da iyaka. Ƙwararren ɓarawo fayil ɗinsa ya fi na kowa tsafta. Wanda ake kamawa da ɓatan rasit sau da yawa sakarai ne ko malalaci. Shi ya sa aikin bai cika ba sai odita ya shiga mota ya je ƙauyen ya ga ko akwai rijiyar, ya murɗa famfo ya ga ko ruwa na zuwa. Akwai ma mataki na gaba da wannan, wanda masu sana'ar ke kira binciken ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu: rijiya tana nan, ruwa na zuwa, amma an haƙa ta a kan ninki uku na kuɗin da maƙwabtan ƙauyen suka haƙa tasu, ko an haƙa ta a ƙofar gidan wani babba nesa da jama'a. Irin wannan bincike shi ya fi amfani, shi ne kuma ya fi cin kuɗi, domin yana buƙatar mota da mai da injiniya da kuɗin kwana. In ofishin odita ba shi da su, ma'aikatar da aka zo bincika ita za ta ba da mota, ta kama masauki, ta kawo abinci. Wanda ya ci tuwonka da rana, da wuya alƙalaminsa ya yi kaifi da yamma.

Me ake nufi da "sun ɓace"?

Kafin komai ya shiga rahoto ana rubuta wa shugaban ma'aikata takardar neman bahasi, a ba shi wa'adi ya amsa. In ya kawo hujja aka gamsu, an rufe maganar. Abin da bai amsa ba, ko ya amsa ba a gamsu ba, shi ke fitowa a babban rahoton shekara. Don haka idan ka ji a labarai cewa biliyan kaza sun ɓace a ma'aikata kaza, abin da rahoton ya ce a mafi yawan lokaci shi ne an kashe kuɗin ba a nuna takardun da ke tabbatar da yadda aka kashe su ba. Yana iya zama sata tsagwaronta. Yana iya zama fayil ne ruwa ya ci a sito. Odita bai yanke hukunci ba, ya ce ne an kasa gamsar da shi.

Masu riƙe da muƙami suna son wannan bayani ƙwarai, suna fakewa da shi su ce ai matsalar takardu ce kawai. Ni ban yarda a sassauta musu da haka ba. A harkar dukiyar jama'a nauyin kawo hujja yana kan wanda aka ba amana, kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari: ofishin da ba ya ajiye takardu ya buɗe wa ɓarawo ƙofa ko da shi bai ɗauka ba. Dubi rahoton shekarar 2019, wanda ya ce an kasa ba da bahasin makamai da alburusai 178,459 na rundunar 'yan sanda, ciki har da bindigar AK-47 guda 88,078. Rundunar ta musanta fassarar da aka yi wa alƙaluman, ta ce wasu makaman suna hannun jami'an da ke bakin aiki, wasu sun salwanta a hare-haren da aka kai wa ofisoshinta. To, ko da a ce haka ne, mutumin Zamfara ko Katsina da ke kwana da ido ɗaya yana da haƙƙin a nuna masa littafin da aka rubuta wa aka ba kowace bindiga, da ranar da ta ɓace.

Ihu bayan hari

Yanzu mu koma ga kwana 90 ɗin nan. Agogon ba ya fara bugawa sai Akanta-Janar ya miƙa lissafi, kundin tsarin mulki kuma bai yanka wa shi Akanta-Janar rana ba. Dokar kula da tsarin kashe kuɗi ta 2007 ta ce a wallafa lissafin da aka tantance cikin wata shida bayan ƙarewar shekara, amma ba a ga wanda aka hukunta don ya saɓa ba. Rahoton 2019 sai a 2021 ya fito. Na 2021 sai wajen ƙarshen 2024.

Shekara uku ba ƙaramin abu ba ne a aikin gwamnati. Daraktan da ya sa hannu ya yi ritaya, babban sakataren an mayar da shi wata ma'aikata, ministan ya zama sanata, kamfanin ɗan kwangila ya sauya suna. Wanda za a kira ya amsa tambaya sabon zuwa ne, kuma gaskiya yake faɗa in ya ce bai san zancen ba. Akwai kuma asarar da ba a cika lissafawa ba. A 2019 dala tana wajen naira 360 a kasuwa, a ƙarshen 2024 ta haura 1,500. Wanda ya riƙe biliyan ɗaya na tsawon wannan lokaci, ko da an tilasta masa ya dawo da ita cif, ya dawo da abin da bai kai rubu'in darajarta ba, ya kuma juya ta shekara biyar kyauta.

Idan rahoto ya isa majalisa, kowane zaure yana miƙa shi ga kwamitinsa na duba asusun gwamnati. Bisa al'ada ɗan adawa ake ba shugabancin wannan kwamiti, don kada jam'iyya mai mulki ta zama ita ce mai bincikar kanta. Sashe na 88 da 89 sun ba majalisa ikon kiran kowa, har da ba da sammacin kamo wanda ya ƙi zuwa. A aikace, abin da aka saba gani shi ne shugaban hukuma ya aiko da darakta, darakta ya nemi a ɗaga zama, kwamiti ya yi barazana a gaban kyamara, a watse. In ma an kammala, shawarar kwamiti sai zaure ya amince da ita, in ya amince kuma ƙuduri ne da ɓangaren zartarwa zai iya sa shi a durowa. Sannan ita kanta hukumar gudanarwar majalisar sunanta yana fitowa a rahotannin, kan kuɗaɗen da ba a kawo bahasinsu ba. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi.

Shi kuwa Odita-Janar, da ya miƙa rahoto aikinsa ya ƙare. Ba ya kama kowa, ba ya gurfanar da kowa, ba ya iya sa hannu da kansa a cire kuɗi daga albashin wanda ya yi ɓarna. Dokokin kuɗi na aikin gwamnati sun tanadi a ci jami'i tarar abin da ya salwantar, amma masu aiwatarwa su ne shugabannin ma'aikatun da rahoton ya ambata. Shi ya sa wasu ke kiran ofishin kyanwar Lami. Ni dai ina ganin sunan bai yi masa adalci ba, domin kyanwar tana gani sarai, haƙoran ne ba a ba ta ba. Dokar da ta tsara aikin ofishin ta 1956 ce, tun kafin 'yancin kai. Majalisa ta takwas ta zartar da ƙudurin sabuwar doka da za ta ba ofishin hukumarsa da ikon ɗaukar ma'aikatansa, Shugaba Buhari bai sa mata hannu ba.

Rashin wannan doka yana nufin kasafin ofishin yana bi ta hannun ɓangaren da yake bincika, ma'aikatansa kuma Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya ce ke ɗauka da ƙara musu girma. Ƙungiyar manyan masu binciken kuɗi ta duniya, INTOSAI, tun a taronta na Lima a 1977 ta ce mai bincike ba ya da 'yanci in aljihunsa yana hannun wanda yake bincika. Akwai kuma ƙofar baya da ake bi a kauce wa kariyar tsarin mulki, wato riƙon ƙwarya. Mai riƙo ba ya wuce wata shida sai da amincewar Majalisar Dattawa, kuma ba a buƙatar kashi biyu cikin uku kafin a rabu da shi. A farkon 2003 Vincent Azie, wanda ke riƙon ofishin a zamanin Obasanjo, ya fitar da rahoton shekarar 2001 da ya tona asirin ma'aikatu da dama. Gwamnati ta fusata, wa'adin riƙonsa ya cika, ba a tabbatar da shi ba. Duk wanda ya zo bayansa ya san wannan labari.

Inda kuɗin suka fi yawa, nan hannunsa ya fi gajarta

Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne sashe na 85 ɗin da ya ba Odita-Janar ƙarfi, shi ne kuma ya hana shi tantance asusun kamfanoni da hukumomin gwamnati da doka ta kafa. Abin da zai yi shi ne ya ba su jerin sunayen kamfanonin bincike masu zaman kansu su zaɓa, ya ba da ma'aunin kuɗin da za a biya, ya yi tsokaci a kan rahoton da aka kawo, ya kuma riƙa kai duba lokaci-lokaci. Ke nan hukumar ita ke zaɓar mai bincikarta, ita ke biyansa. Kuma a irin waɗannan hukumomi ne manyan kuɗaɗen shiga suke.

Rigimar man fetur ta nuna wannan a fili. Da Sanusi Lamido Sanusi, yana gwamnan Babban Banki, ya ce akwai dala biliyan 20 da NNPC ba ta saka a asusun tarayya ba, an dakatar da shi a Fabrairun 2014. Binciken ƙwaƙƙwafin da ya biyo baya kamfanin PwC aka ɗauko ya yi, ofishin Odita-Janar ya karɓi rahoto, aka ce NNPC da reshenta su mayar da aƙalla dala biliyan 1.48. A 2016 Odita-Janar Samuel Ukura ya kai wa majalisa rahoton 2014 da ya ce NNPC ba ta saka naira tiriliyan 3.2 ba, kamfanin ya ce lissafin ba haka yake ba. Adadi uku mabambanta a kan kamfani ɗaya. Hukumar NEITI, wadda doka ta kafa a 2007 don tantance kuɗin mai da ma'adinai, ita ma tana fitar da nata alƙaluman, ita ma ba ta da sanda. Kuɗin tsaro da ake ba gwamnoni kuwa ba a ma kawo rasit ɗinsu. Ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta a 2018 cewa irin waɗannan kuɗaɗe suna kai dala miliyan 670 a shekara.

Sauran masu gadi

Odita yana zuwa ne bayan an kashe kuɗi. Kafin a kashe akwai hukumar BPP, wadda dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta kafa, kuma manyan kwangiloli ba sa wucewa sai ta ba da takardar rashin ƙalubale. Akwai hukumar da ke bin hukumomi masu tara kuɗi su saka kashi 80 cikin ɗari na rarar da suka samu a baitulmali, kamar yadda dokar kula da tsarin kashe kuɗi ta 2007 ta fara tanada. Bayan an gano laifi kuma sai masu sanda: ICPC da aka kafa a 2000 da EFCC da ta fara aiki a 2003. Su ke kamawa su kai kotu. Sai dai babu wata ƙa'ida mai tsauri da ta ce duk abin da rahoton odita ya bankaɗo dole su ɗauka cikin kwana kaza, su ke zaɓar abin da za su bi.

An kuma gwada toshe ɓaraka da kwamfuta. Tsarin biyan albashi na IPPIS ya fara a 2007 don kakkaɓe ma'aikatan bogi, asusun bai-ɗaya na TSA ya kankama a 2015 ya tattaro kuɗin da hukumomi ke ɓoyewa a bankunan kasuwanci. Sun yi amfani, ba na musu. Amma duk sun tara iko ne a ofishin Akanta-Janar, kuma a watan Mayun 2022 EFCC ta kama mai riƙe da wannan ofishi, Ahmed Idris, ta gurfanar da shi kan zargin naira biliyan 109, zargin da ya musanta. Kwamfuta tana rubuta abin da mai riƙe da makullinta ya shigar ne.

Abin da ya fi burge ni cikin 'yan shekarun nan shi ne bin sawun ayyukan mazaɓu da ICPC ta fara a 2019. Ba fayil suka tsaya dubawa ba. Sun ɗauki masu ƙiyasin gine-gine suka shiga garuruwa da jerin ayyuka a hannu. Aka samu taraktoci da motocin ɗaukar marasa lafiya da kayan asibiti a ajiye a inda bai kamata ba, 'yan kwangila da dama kuma suka koma bakin aikin da suka yi watsi da shi da jin an taho. A wannan shekarar Buhari da kansa ya ce an ware wa ayyukan mazaɓu naira tiriliyan ɗaya cikin shekara goma ba tare da an ga tasirinsu ba. Bambancin wannan da ziyarar odita shi ne wanda ya zo duba aikin yana da ikon kamawa, kuma ɗan kwangila ya sani.

Maƙwabta sun bi wasu hanyoyi. Tsarin mulkin Ghana na 1992 ya ba Odita-Janar ikon soke biyan da ya saɓa doka ya kuma ɗora wa jami'in da ya yi shi biyan kuɗin daga aljihunsa. An bar ikon yana barci shekara da shekaru, sai da wata ƙungiyar farar hula ta kai ƙara, Kotun Ƙoli ta ce a 2017 dole a yi amfani da shi. Daniel Domelevo ya yi amfani da shi sosai, ya kuma yi watsi da bashin sidi biliyan 5.4 da ma'aikatu suka ce ana bin gwamnati. Sakamakonsa, a 2020 fadar shugaban ƙasa ta tura shi hutun dole, a 2021 aka yi masa ritaya, sai a 2023 kotu ta ce hutun ya saɓa wa tsarin mulki, lokacin bakin alƙalami ya riga ya bushe. Nijar da sauran ƙasashen da suka gaji tsarin Faransa kuwa kotu ce ta musamman ke duba lissafi, alƙalai ne ke zama a kan littafin ma'aji, kuma suna iya yanke masa ya biya giɓin da aka samu. Wannan bai hana badaƙalar sayen makamai da binciken 2020 ya bankaɗo a ma'aikatar tsaron Nijar ba, ta kusan sefa biliyan 76. Ba odita sanda yana taimakawa, amma sai an bar shi ya ɗaga ta.

A jihohi labarin ya fi duhu, duk da cewa nan ne kuɗin makarantar firamare da asibitin sha-ka-tafi suke. Sashe na 125 zuwa 127 sun maimaita wa jihohi tsarin tarayya: gwamna ya naɗa, majalisar jiha ta tabbatar, rahoto ya je majalisar jiha. To majalisar da kusan duk 'yan cikinta gwamna ne ya tsayar da su takara, wane ɗan adawa za a samu ya shugabanci kwamiti? Abin da ya ɗan motsa jihohi shi ne shirin Bankin Duniya na dala miliyan 750 da aka fara a 2018, wanda ya ce ba za a ba jiha tallafi ba sai ta wallafa lissafinta da aka tantance a kan lokaci. Nan da nan jihohin da ba a taɓa ganin rahotonsu ba suka fara sa shi a intanet, da yawa suka yi sabbin dokokin bincike. Rahotannin suna nan, kowa na iya saukewa a wayarsa ya nemi sunan ma'aikatar da ta shafe shi, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukumar tarayya kwana bakwai ta amsa wa wanda ya rubuto yana neman takardun wani aiki.

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa da jihohi ba. An yi ta murna, an yi ta muhawara kan wa zai riƙe kuɗin. Ban ji an yi muhawara irin wannan kan wa zai duba su ba. Kano kaɗai tana da ƙananan hukumomi 44, kowace da sakatariya da kashiya da sito da mai sito. Mai binciken asusunsu jami'i ne na jiha da gwamna ke naɗawa, rahotonsa majalisar jiha yake zuwa, kuma rijiyar burtsatsen da muka yi misali da ita tana iya zama a ƙauyen da ke da tafiyar awa biyu daga kwalta, a hanyar da sai motar shugaban ƙaramar hukumar ce ke iya bi da damina.